Ranar da Na Cire Ƙaho Babu Jini

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba hannu natsuwa, ya sa wa harshe linzami.

Sunana Ila, wanzami ɗan wanzami. A Cadawa aka yanke mini cibiya, a nan kuma furfura ta same ni. Aji huɗu na yi a lakol baffana ya fitar da ni ya rataya mini zabira, don haka wanda ya ga rubutun nan da gargada sai ya yi haƙuri. Saboda ku na zauna rubuta shi, ku samarin da kuka buɗe shagunan aski a bakin gudron, wato titin kwalta. Ranar kasuwar da ta wuce na ji ɗayanku yana cewa wai in dai akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai inji, ko akuya aka ba sai ta yi aski. Aka bushe da dariya. Ni ban yi ba. Zan jera muku abin yadda aka jera mini, daga farko. Wanda ya gaji da karatu a tsakiya, to ya ajiye injin ma, don mai gajen haƙuri bai kamata ya riƙe kan mutane ba.

Aikin farko da Baffa Tanko ya ba ni ba aski ba ne, wasa aska ne. Ya zaunar da ni a gindin dogon yaro da dutse da ɗan ruwa a sakaina. Rani guda na kwashe ina wasawa. In na kai masa, sai ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, in koma. Da wannan ya wuce sai ya ba ni ɗanyen duma, ya ce in aske gashin jikinsa kada in karce shi. Duk inda na karce ruwa ya tsattsafo, sai ya sa yatsa ya nuna ya ce, "Ka ga nan? Kan liman ne ka yanka." Kan mutum na farko da aka sakar mini na wani tsoho ne mai saƙar zana. Baffa ya ce shi ya zaɓa mini don ko na yanke shi ba shi da ƙafar bi na. Na yanke shi a bayan kunne. Tsohon bai ce komai ba, Baffa ne ya ce komai, kuma a gaban mutane.

Zabira ba jaka ba ce da ake zuba kaya a ciki yadda aka ga dama. Kowane abu da gurbinsa: babbar aska ta aski a dama, ƙarama ta tsaga a bayanta, sai dutse, sai fatar gogewa, sai ƙahoni a jere daga babba zuwa ƙarami, sai jijiyar da ake tauna a toshe bakin ƙaho da ita. Wanzami na gari zai sa hannu ya ciro abin da yake so idonsa na kan aikinsa. Wasu abubuwa sun sake, kuma ban yi gardama ba. Tun da ma'aikatan likita suka tara mu suka yi mana bayanin cututtukan da ke bin jini, kowane mutum da rezarsa sabuwa, a gabansa nake ɓare ta. Cire beli na daina. Sana'a ba ta lalacewa don ta karɓi gyara, ƙin gyaran ke kashe ta.

Mu ba ma jiran mai wucewa kamar ku. Gidaje muke da su. Kowane gida da wanzaminsa, kamar yadda yake da rijiyar da yake ɗiba. Kai ke askin suna, kai ke kaciya, kai ke zuwa wa mai gida ranar Juma'a da hantsi. In kaka ta yi a aiko maka da damin gero, wani ya ƙara da wake. A kan wannan akwai doka guda da Baffa ya fi tsananta mini fiye da kaifin aska: abin da ke ƙarƙashin hula na mai hula ne. Ka ga makero, ka ga tabon dukan da mutum ya sha, ka ji faɗan cikin gida ta kan zana, duk a zabira za ka zuba su ka ɗaure.

Ƙahon farko da na kafa da hannuna, ga wani mai amalanke ne da ya ce kafaɗarsa ta riƙe. Ku lura da jerin, don labarin da ke tafe a kansa yake. Da farko a tambayi mutum inda ke masa ciwo. A wanke wurin, a aske. A kafa ƙaho a bushe, a zuƙe iska da baki, a toshe da jijiya, a bar shi ya ja fata har ta taso. Wannan jiran ba a gaggauta shi. Sannan a cire, a yi tsaga ƙanana, a mayar da ƙahon, ya ja jini. A ƙarshe a juye jinin cikin rairayi a rufe. Amma kafin a rufe sai dangin mai ciwo sun leƙa, kuma in suka gan shi baƙi ƙirin sai ka ji ana cewa, "Alhamdu lillahi, ga ciwon nan ya fito." Na taɓa tambayar Baffa ko baƙin shi ne ciwon. Ya ce, "Ko jinin wa ya jima a ƙaho baƙi yake yi. Kai dai yi aikinka." Wani abu kuma da na gane da kaina: mutumin da aka kafa wa ƙaho a ƙeya ba ya iya tashi, ba ya iya waiwayowa, ƙasa yake kallo. Wanda ba ya ganin fuskarka kuwa yakan faɗi abin da ba zai faɗa ido da ido ba.

Yanzu sai Lawali. Da izininsa nake rubuta wannan, shi ya ce kada in sake masa suna.

Gidan Malam Idi yana cikin gidajen da na gada. Manomi ne mai faɗa a ji a unguwarsu, ba ya wasa, ba ya ƙarya a ciniki. Lawali ɗansa ne na fari, kuma kun san al'adarmu a kan ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, uba ma sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka muka taras. Uwarsa Hajo tun da ta haife shi ban taɓa jin sunan a bakinta ba. In za ta ba shi tuwo sai ta ajiye ta ce wa ƙanensa, "Ka ce wa yayanka ga abinci nan." Yaron ya tashi da ƙwaƙwalwa. Ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi jami'a a Maradi, shi ne na farko a zuriyarsu. Tun daga ranar unguwa ta daina ce masa Lawali, sai Prefe, wato babban jami'in gwamnati mai mulkin yanki. In ya zo hutun bakans tsofaffi na tsokanarsa, "Prefe, yaushe za a ja mana ruwan famfo?" Yana dariya, yana sunkuyar da kai.

A shekararsa ta uku, ana tsakiyar bazara, ba lokacin bakans ba, Malam Idi ya aiko kirana. Na same shi a zaure. Ya ce, "Wanzam, yaron nan ya zo mana da ciwon kai. Kwanciya kawai yake, ba ci ba magana. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Ni dai na ce jini ne ya taru mishi a ƙeya saboda karatu. Ka kafa mishi ƙaho ya fita, gobe kasuwa in sa shi mota, jarrabawa gare su."

Aka fito da shi. Abin da na fara dubawa kansa ne, don nan ne aikina. Yaron da na sani ba ya barin gashi ya kwana biyu ba gyara, sai ga kai ya cukurkuɗe, gemu ya fito a warwatse. Riga ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, amma muryar kamar daga cikin rijiya. Na ce a shimfiɗa mana tabarma a bayan zaure, inda inuwar zana take. Malam Idi ya koma ƙofar gida wurin baƙinsa, ya ce in jini ya fito in kira shi ya gani.

Na tambaye shi inda ke ciwo. Ya ce ko'ina. Na ce ko'ina ba wuri ba ne, ya nuna mini da yatsa. Ya ɗaga hannu ya rasa inda zai ɗora, sai ya ɗora a ƙeya don abin da ubansa ya faɗa ke nan. Na wanke, na aske, na kafa ƙaho biyu a bushe, na zauna a bayansa ina jira.

Can sai ya ce, "Baba Wanzam, in na taɓa yi maka wani laifi ka yafe mini."

Na ce, "Makka za ka?"

"A'a, Maradi."

"Maradin da ake zuwa da safe a dawo a ci tuwon dare a gida? Ita ake neman gafara dominta?"

Na ƙara da cewa, "Wa da wa ka nemi gafararsu?"

Ya ce abokan ɗakinsu. Ya ce ya raba musu littattafansa da takalminsa mai kyau kafin ya taho. Daga nan maganar ta ɓalle, yana yi yana kallon tabarma. Ya ce bara bai ci jarrabawa ba, ya maimaita aji, bai faɗa wa kowa a gida ba. Bana ma ya san ba zai ci ba, don sai ya wuni a kan shafi guda bai riƙe komai ba. Barci ba ya zuwa, in ya zo tashi ya gagara. Su da yawa ne a ɗaki guda, amma ya fi wata bai yi hira da kowa ba, su kuma sun ɗauka girman kai ne. Burs, kuɗin tallafin karatu, ba ta zuwa a kan kari, yana jin nauyin ya tambayi gida alhali ya san sai da aka sayar da san noma aka yi masa shiri. Ya ce, "Duk wanda ya ce mini Prefe, ji nake kamar an ƙara mini dutse a kai. Ni ba komai ba ne, Baba. In babu ni kowa ya huta."

Ban iya zagaye-zagaye ba, ba a koya mini ba. Na ce, "Lawali, tambaya zan yi maka, ka ba ni amsarta tsakaninka da Allah. Tunanin kashe kanka kake yi?"

Ƙahonin suka motsa a ƙeyarsa don numfashin da ya ja. Ya ce, "I."

"In ka koma Maradi?"

"I." Sai kuma ya ce, "Don Allah kada mahaifina ya ji. Ku wanzamai ba ku fidda sirri, kowa ya sani."

Abin da na ji a raina a lokacin ba na wannan takarda ba ne. Abin da na yi shi zan faɗa. Na farko, na mayar da reza cikin zabira na ɗaure bakinta, na tura ta bayana. Na biyu, na cire ƙahonin, na goge masa wurin. Na uku, na zagayo gabansa na tsuguna don ya ga fuskata. Na ce, "Gaskiya ne, ba mu fidda sirri. Bara ka faɗi jarrabawa, wannan sirrinka ne, ba za a ji shi a bakina ba. Amma rai ba sirri ba ne. Ba zan rufe baki a sa ka mota gobe ba. Ko ka faɗa da kanka ina tsaye, ko in faɗa kana zaune. Bayan idonka dai ba zan yi ba."

Ya rufe fuska da hannu. Ya ce, "Faɗi."

Na kira Malam Idi. Ya shigo yana gyara babbar riga, ya leƙa ƙaho na farko, ya leƙa na biyu, ya dube ni.

"Ina jinin?"

"Ban tsaga ba."

"Don mi?"

"Don ba jini ke damunsa ba. Malam Idi, zauna." Bai zauna ba, sai na faɗa masa a tsaye. Na ce yaron nan yana cikin ƙuncin da ya kai shi tunanin halaka kansa, kuma in ya koma Maradi shi kaɗai ba na tsammanin za a sake ganinsa. Na ce wannan ya fi ƙarfin ƙaho, a kai shi gidan likita yau.

Ya ce, "A'uzu billahi! A gidana? Yaron da ya sauke Alƙur'ani? Wanzam, ƙaho na kira ka ko duba?"

"Tambaye shi, ga shi nan."

To, a nan al'ada ta tsaya mana a hanya. Malam Idi bai taɓa zama ya tambayi ɗan farinsa abin da ke ransa ba, bai san ta inda ake farawa ba. Ya kalli saman kan yaron, ya yi magana kamar da zana yake: "A gaya wa wancan, mutane ba su sayar da sa don a zo a kwanta musu a ɗaki ba. Shagwaɓa ce ta 'yan boko. Gobe da safe mota." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma in ba ka iya ba, akwai wanzamai a garin nan."

Na ce, "Akwai. Kowannensu zai fitar maka da baƙin jini, ka gani ka yi hamdala, ka sa shi mota. Shi ya sa ni ban fitar ba."

Sai muka ji murya daga bayan zana, ta cikin gida. Ashe Hajo tana nan tsaye tun ɗazu da muciya a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, Lawali ba ya zuwa ko'ina."

Ƙannensa da ke tsakar gida suka daina wasa. Shi kansa yaron ya ɗago kai ya dubi zanar kamar bai san mai maganar ba. Shekara ashirin da ɗoriya sunan bai fito daga bakin nan ba.

Ta sake cewa, "Lawali. Tashi ka sa riga. Ni zan kai ka."

Malam Idi ya juya. Ya sa takalmi ya fita, ya nufi gona, alhali ba a yi ruwan shuka ba balle a ce akwai aikin da ke jiransa.

Mu uku muka taka zuwa gidan likita, ni a gaba, shi a tsakiya, ita a baya. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya sa muka jira a waje ya zauna da shi su biyu, suka daɗe. Da ya kira mu ya ce wannan ciwo ne mai suna, ciwon damuwa, yana kama mutum kamar yadda hawan jini ke kama mutum, ba raunin imani ba ne, ba lalaci ba ne, kuma ba shi ne ɗan jami'a na farko da aka kawo masa da shi ba. Ya ce kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a ci gaba da addu'a, amma a kai shi wurin masu wannan fannin a Maradi. Washegari ya shiga motar Maradi kamar yadda ubansa ya ce, sai dai da uwarsa a gefensa da kawunsa a baya, kuma ba jami'a suka nufa ba. Aka ba shi magani, aka sa masa ranakun komawa. Iyakar aikina ke nan a ciki. Ban warkar da kowa ba, rakiya na yi.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata a sana'a, ta fi shekarun fari, don a fari kowa ne ba shi da shi. Mutane sun ga na shiga gidan Malam Idi da zabira, sun ga an wuce gidan likita, suka tambaye shi. Shi kuwa ba zai iya faɗin gaskiyar ba. Sai ya ce a majalisa, "Wanzam ya tsufa. Hannu ya fara rawa. Ya kafa ƙaho ya kasa tsagawa, dole muka nemi likita." Magana guda ce, amma a sana'ar aska babu wadda ta fi ta dafi. Wa zai ba mai rawar hannu kan jaririnsa? Gidan Malam Idi ya fara fita daga hannuna, maƙwabtansa suka bi. Aka yi sunaye a unguwar ina ji daga nesa. A kasuwa wani mahauci abokin wasana in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ila, zo ka kaɗa mini nono, an ce hannunka ya fi maburgi!" In ce masa, "Kawo wuyanka in gwada." A yi dariya, amma masu dariyar ba sa zama a tabarmata.

Kalma guda za ta wanke ni, amma kalmar ba tawa ba ce. Abin da rai ya tilasta na faɗa, na faɗa wa waɗanda ya zama dole su ji. Kasuwa ba ta cikinsu. Da kaka ta zo, damman da aka aiko ba su rufe gindin rumbu ba. Na gyara tsohon kekena na riƙa bin ƙauyukan da ke wajen Agiye, inda maganar ba ta kai ba, ina aski a bakin rijiya kamar sabon shiga.

Lawali ya shekara a gida. Ba a miƙe sauƙin ya zo ba. Wani mako ka gan shi a gona da hauya yana raha da ƙannensa, wani makon ya koma ɗaki, uwarsa ta ja tabarma ta zauna a ƙofar tana tsinkar zogale tana yi masa labarin da ba shi da kai. An sake masa magani sau ɗaya da na farkon ya yi masa nauyi. An hana ni shiga gidan, amma ba a hana shi fita ba, don haka duk ranar kasuwa sai ya zo tabarmata. Yana jin tsokanar da ake mini. Sau biyu ya ce zai yi magana, na danne masa kai na ce, "Sunkuya. Ba don kasuwa ake shan maganin nan ba. Ka warke tukuna."

Ku da ke bakin gudron, 'yan jami'a wurinku suke zuwa yanzu, ba wurina ba. Ku ke da madubi da kiɗa da wurin sa salula a caji. Don haka ku za ku fara gani. Wanda kuka sani da tsafta ya zo muku a hargitse, wanda ya saba surutu ya yi gum, wanda ya fara rabon kayansa ko neman gafara ba dalili, ku rage kiɗan ku tambaye shi. In maganarsa ta nufi mutuwa, ku kira abin da sunansa, tambayar ba ta sa wa mutum abin da babu a ransa. Kada ku yi masa wa'azin wuta, ya riga ya sani. Kada ku ce ya daure shi namiji ne, daurewar ce ta kawo shi nan. Kada kuma ku bar shi ya tafi shi kaɗai. Ku nemo nasa, ku raka shi gidan likita. Kuma ku rage kiran yaran nan Prefe da Minista tun ba su gama ba.

Bayan shekara, likitocinsa suka yarda ya koma karatu, da sharaɗin zai zauna gidan kawunsa a Maradi ba ɗakin haya ba, kuma zai ci gaba da zuwa ganinsu. Ranar kasuwar da zai tafi ya zo aski. Tabarmata na kusa da rumfar masu goro, inda dattawa ke taruwa, kuma ranar Malam Idi na cikinsu. Ina cikin shafa wa yaron sabulu sai mahaucin nan ya iso.

"Kai Prefe, ba ka tsoron kunnenka? Ka ba mai makyarkyata kanka?"

Kafin in danne shi ya miƙe, da kumfa a rabin kai. Bai yi ihu ba, amma rumfar goro ta ji.

"Kawu, ba Prefe nake ba, Lawali nake. Kuma hannun Baba Wanzam bai taɓa rawa ba. Ƙin tsaga ni ya yi da gangan, don ba jini ke damuna ba. Ciwon damuwa na yi, har na yi niyyar kashe kaina. Shi ya tambaye ni, Inna ta kai ni likita. Ina shan magani, na samu sauƙi, yau zan koma karatu. Wanda ke da ɗa a jami'a ya riƙa tambayarsa lafiyarsa kafin ya tambaye shi jarrabawa."

Ya koma ya zauna. Mahaucin ya ce a hankali, "Allah shi ƙara sauƙi, ɗana," ya wuce. Ba wanda ya dubi Malam Idi, amma hankalin kowa na kansa. Na ƙarasa askin, don ba a barin kai rabi. Yaron ya je ya durƙusa gaban ubansa ya yi sallama, uban ya ce Allah ya kiyaye hanya, kawunsa ya ɗauki jakar suka nufi tasha.

Ina kakkaɓe tabarma sai na ga inuwa a kaina. Malam Idi ne. Ya cire takalmi, ya zauna, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa. Na wanke hannu, na ɓare sabuwar reza a gabansa, na jiƙa kan, na fara daga goshi zuwa baya kamar kullum. Da na kai ƙeya na sunkuyar da shi, sai na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wanzam."

"Na'am."

"Ranar nan. Da na sa shi mota fa?"

Na ce, "Allah ne masani. Ba ka sa shi ba."

Kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗaga rezar daga fatarsa, na matsa na tare shi daga idon kasuwa da jikina, na jira.